Takardar Kol a Gaban Mai Neman Aure: Labarin Wata Likitar Mata a Sakkwato

Ta amince a rubuta labarinta bisa sharaɗi biyu: kada a ambaci sunanta, kada kuma a mayar da shi labarin soyayya. Na farko mai sauƙi ne, zan riƙa ce mata Likita, kamar yadda kowa ke kiranta tun daga masu gadin asibiti har dangin mijinta. Na biyun shi ne dalilin rubutun. 'Yan matan da ke zuwa neman shawara wurinta tambaya ɗaya suke yi, wai yaya aka yi ta dace da mijin da ya bar ta tana aiki, kamar tsintar dami a kala. Ita kuwa ta san zama aka yi, aka ƙirga awoyi da darare da kuɗi, kuma sai da maganar aure ta watse mata har sau uku kafin ta iya wannan lissafin.

Ɗiyar fari ce a gidan wani ma'aikacin gwamnati a Mabera. Ta shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2012 tana da shekara 18. Karatun likita shekara shida ne a takarda, amma yajin aikin malaman jami'o'i na 2013 kaɗai ya ci kusan wata shida, wani kuma ya sake faɗowa a ƙarshen 2018, don haka sai 2019 ta fito. Daga nan shekara ɗaya ta koyon aiki, wadda suke kira haus job: wata uku-uku a sashen cututtukan manya, da tiyata, da yara, da mata da haihuwa. Sai shekarar bautar ƙasa. Kafin ta riƙe takardar sallama ta cika 27, ƙannenta mata biyu suna ɗakunansu, ɗaya har da goyo na biyu.

A nan mutane da yawa ke zaton an gama. Ga wadda take son zama ƙwararriyar likitar mata, yanzu aka fara. Sai ta ci jarrabawar share fage, wadda suke kira firamaris, ta ɗaya daga cikin kwalejojin ƙwarewa biyu, ta Najeriya ko ta Afirka ta Yamma. Sai ta samu gurbi a asibitin da aka amince ya horar. Sai ta yi shekara biyu zuwa uku a matakin ƙasa ta zauna jarrabawar kashi na ɗaya, ta sake yin wasu biyu zuwa uku a matakin sama, ta rubuta kundin bincike, ta zauna kashi na biyu. In komai ya tafi daidai shekara huɗu zuwa shida ke nan, kuma ba kasafai komai ke tafiya daidai ba. Jarrabawar sau biyu ake yin ta a shekara, wanda ya faɗi sai ya jira wata shida. Duk namijin da ya zo neman aurenta a wancan lokaci, wannan tafiyar ce yake shirin shiga, ko ya sani ko bai sani ba.

Mai nema na farko ɗan kasuwa ne, yana safarar kaya tsakanin Sakkwato da Illela. Mutum ne mai kyauta, mai sakin fuska, Inna ta so shi ƙwarai. Da aka tambaye shi batun aiki bai yi wata-wata ba, ya ce ai garin Nana Asma'u muke, wa zai hana mace ilimi? A Sakkwato kusan kowane mai neman 'yar boko ya haddace wannan amsar, kuma gaskiya ce: ɗiyar Shehu ta yi karatu, ta yi rubutu, ta tura jajis, wato malamai matan da ta horar, ƙauyuka suna koyar da mata, duk tana ɗakin Waziri Giɗaɗo. Sai dai ambaton Nana Asma'u a falo bayan la'asar daban, tashi ƙarfe biyun dare ka tarar gefen gadonka ba kowa daban.

Likita ba ta san ta bambance biyun ba a lokacin. An kai wata biyar ana zance, har an fara maganar sa rana, ranar da ya kira ta sau goma sha ɗaya tana ɗakin tiyata wayar na cikin loka. Da ta fito ta kira shi, muryarsa a sanyaye ya ce ba komai, ai bayan biki za a san yadda za a yi, yana da mutane, za a cire ta daga aikin dare, ko ma ya buɗe mata ɗan asibiti a shagon ƙofar gida ta riƙa duba mata daga safe zuwa azahar. Shi a ransa alheri yake nufi. Bai fahimci cewa mai neman ƙwarewa ba a cire ta daga aikin dare ba, don da dare ake koyon rabin aikin. Akwai littafin da ake rubuta kowace tiyatar da ta yi ko ta taimaka a ciki, babban likita ya sa hannu, in bai cika ba ba za a bar ta ta zauna jarrabawa ba. Da ta yi masa wannan bayani sai ya ce, "To ke mi kika so da wanga wahala? Ba kin zama likita ba?" Nan maganar ta tsaya. Inna ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwarta da baki, sai da kai.

Abin da ta ɗauka daga wannan shi ne kalmar "aiki" ba ta da ma'ana ɗaya a kunnen kowa. Namiji in ya ce zai bar ki ki yi aiki, a ƙwaƙwalwarsa yana ganin malamar makaranta ce, ta fita bakwai da rabi ta dawo biyu, abincin rana bai ko huce ba. Daga nan ta fara ajiye takardar kol ta wata, wato jadawalin kwanan aiki a asibiti, a cikin jakarta. Takarda ce falle ɗaya da ake mannawa a sashe farkon kowane wata, ranaku a gefe, sunayen masu kwana a gabansu. Duk wanda ya zo da maganar aure, tun zama na biyu ko na uku take miƙa masa, ta karanta masa yadda ranar kol take.

Ga yadda take. Ta bar gida bakwai da rabi na safiyar Litinin. Takwas ana taron bitar abin da ya faru daren jiya. Daga nan zagayen marasa lafiya, ko ɗakin awon ciki, ko tiyata, har ƙarfe huɗu. Huɗu kol ke farawa, ba ta zuwa gida, ɗakin haihuwa da na gaggawa suna hannunta da abokan kwananta har takwas na safiyar Talata. Sai ta tsaya ta ba da bayanin duk wadda ta karɓa, ta kuma shiga aikin ranar. In an yi sa'a ta isa gida bayan la'asar. Awa 32 ke nan tsakanin fita da dawowa, kuma a watan da hannu ya yi ƙaranci hakan na iya zuwa mata duk bayan kwana uku ko huɗu, har da Asabar da Lahadi, har da ranar Sallah.

Tana kuma gaya musu dalilin da ya sa ba za ta iya cewa "ƙarfe kaza zan dawo" ba. A kawo mace daga wajen Gwadabawa ko Tangaza tana jijjiga, hawan jini ya taso mata da ciki wata takwas. Za a ba ta maganin magnesium sulphate, giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu, ana duba numfashinta da fitsarinta da motsin gwiwa kafin kowace allura, don maganin da kansa yana iya tsayar da numfashi in ya taru a jiki. Maganin tsayar da jijjigar yake yi kawai, warakar sai an raba ta da cikin. Ko a kawo wadda ta kwana biyu tana naƙuda a gida, kan yaro ya toshe hanya, irin wadda in an ƙara jinkiri take ƙarewa da yoyon fitsari ko fashewar mahaifa. Tiyatar ciro yaro ba ta cika wuce awa ɗaya ba, amma neman jini, da jiran miji ya zo ya sa hannu, da tsayawa a kan wadda mahaifarta ta ƙi tsukewa jini na zuba, su ke cinye daren. Wadda ta tsoma hannu a irin wannan ba ta cire safar hannu don wani ya kira waya.

Na biyu ma'aikacin banki ne, ya karanta takardar bai girgiza ba. Damuwarsa daban ce. A zama na huɗu ya fito da biro ya fara lissafi: albashinsa da nata in aka haɗa, a shekara uku an gama ginin filinsa. Kuma ana sa ran a mayar da shi Kaduna, sai ta nemi canji ta biyo shi. Abu biyu ta gani a nan. Na ɗaya, horon ƙwarewa ba riga ba ce da za a tuɓe a nan a sa a can. Sai an samu gurbi a wancan asibitin, kuma ba tabbas duk watannin da aka yi za a ƙirga su. Na biyu, mutumin da ya riga ya raba albashinki tun ba a kai goro ba, ba aikinki yake goyon baya ba, kuɗin aikin yake so, ranar da jarrabawa ta ci albashin wata biyu za ki ga wata fuskar. A shari'a ci da sha da sutura da muhalli a wuyan miji suke ko matar ta fi shi samu, dukiyarta kuma tata ce. Da ta faɗa masa haka cikin ladabi sai ya ce ta cika lissafi. Shi da ya zo da biro.

Na ukun shi ne wanda har yau ba ta son a daɗe a kansa. Shi ma likita ne kamarta, ya san kol, ya san jarrabawa, ba abin da za a yi masa bayani. Sun shekara suna tare kafin su yi gwajin jini, su da ke aika mutane gwaji kullum. Ita AS, shi AS. Ma'anarsa a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da sikila. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne zai samu ba, kowane ciki da nasa rabon, ana iya jera uku duka SS. Dukansu sun yi wata uku a sashen yara, sun ga yadda ciwon ƙashi ke murɗe yaro ɗan shekara biyar. Suka rabu ba wanda ya yi wa wani laifi. Tun daga nan ta sa wa kanta doka, kuma ita take ba kowace yarinya: gwajin rukunin jini na sikila, da na ƙanjamau, da na ciwon hanta, a yi su kafin zuciya ta yi nisa, kafin iyaye su san juna. Gwajin yini ɗaya ne, amma an fi yin sa mako biyu kafin biki, lokacin da an ɗinka anko kuma ba mai ƙarfin halin cewa a fasa.

Lokacin tana da 29. Gidan biki ya zama mata wurin hisabi. Gwaggo ta taɓa zaunar da ita ta ce, "Ɗiyata, takarda ba ta yi miki jika, ba ta kuma rufe ki ran da kinka mutu." Likita ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, ni ma ban ɗauka ba. Ita da kanta ta fi Gwaggo sanin cewa samun ciki na raguwa da shekaru, musamman bayan 35, kullum tana gaya wa mata haka a ɗakin duba marasa lafiya. Ba ta taɓa cewa sai ta gama za ta yi aure ba. Cewa ta yi ba za ta ajiye horon a tsakiya ba, kuma wanda zai zo ya zo da saninsa. Baba ne ya tsaya mata. Mutum ne marar yawan magana, iyakar abin da ya ce wa 'yan'uwansa shi ne shi ya biya kuɗin karatun, in za a zubar da shi sai a bari ya mutu tukuna.

Wanda ta aura malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, yana kuma noman albasa a fadama da rani. Yayan wata ƙawarta ne. Ya girme ta da shekara shida, bai taɓa aure ba saboda shi ya ɗauki nauyin ƙannensa bayan rasuwar mahaifinsu. Albashinsa bai kai nata ba, kuma dukansu sun sani.

Ranar da ta miƙa masa takardar suna zaune a zauren gidansu, ana zafin watan Afrilu irin na Sakkwato da ko tabarma ƙuna take. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa, ya bi ranakun da yatsa, ya ce, "Wata ga kol takwas gare ki, biyu sun faɗa Asabar." Sai ya tambayi abin da ba wanda ya taɓa tambaya. A ina take kwana in ta samu sarari? Wa ke kai mata abinci? In ta fito bayan awa talatin ba barci, ita ke tuƙa kanta? Ta ce kabu-kabu take hawa ko keke. Ya ce wannan ba zai yiwu ba, makarantarsu na tashi biyu, shi zai riƙa ɗauko ta. Sai ya nemi ta ba shi takardar ya tafi da ita. Ta tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce, "Hajiya zan kai ma. In ba ta gani da idonta ba yanzu, bayan biki ni da ke za mu sha bayani."

Wannan shi ne wurin da yawancin irin auren nan ke karyewa, kuma ba a cika kula da shi ba. Miji na iya yarda da zuciya ɗaya, amma ba shi kaɗai aka aura ba. Uwarsa ce za ta ji maƙwabta na cewa matar ɗanta ba ta kwana gida. Ƙannensa mata ne za su ƙirga sunan da ba ta je ba da zaman makokin da ta leƙa minti goma ta tafi. Hajiya ba ta karɓi maganar da daɗi ba. Ta ce ita ba ta san aure ba girki ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ɗanta ya bar gidan gado a Rijiyar Dorowa ya je ya kama haya ba. An kai wata biyu ana kai da komo. Abin da ya sassauta ta ba wa'azi ba ne. Ɗan ya zauna ya gaya mata dalla-dalla abin da za ta samu da abin da ba za ta samu ba: kowace Juma'ar da ba kol za su yini wurinta, cefanenta ba zai ragu da ko sisi ba, amma girkin kullum daga hannun suruka ba zai samu ba, kada a sa rai. Ta ce ta ji, ba ta ce ta yarda ba. A haka aka tafi.

Sai batun rubuta sharaɗi. Ƙawaye da yawa sun ce mata ta sa a faɗa wurin ɗaurin aure cewa ba zai hana ta aiki ba, shi ke nan ta ɗaure shi. Baffanta, wanda shi ne waliyyi, ya kai maganar gun malami, amsar da ya dawo da ita kuma ta kamata kowace yarinya ta sani. Hadisi ya inganta cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka ƙulla aure a kansu. Amma a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a nan, sharaɗi irin na kada ya fitar da ita daga garinsu ko makamancinsa, auren ya ɗauru, an so miji ya cika alƙawari, sai dai ba a tilasta masa, sai in an rataya sharaɗin da saki ko an mallaka wa matar al'amarinta idan ya saɓa. Hambaliyya ne ke ganin irin wannan sharaɗi ya zama dole da kansa. Baba ya ce shi ba zai fara auren ɗiyarsa da wuƙar saki a kan tabarma ba. Don haka aka bi hanya ta tsakiya: kafin sa rana, waliyyan ɓangare biyu suka zauna da shaidu biyu-biyu, aka rubuta abin da aka yarda a kai, kowa ya sa hannu, kowane gida ya ajiye kwafi.

Abin da ke ciki bai cika shafi ba. Za ta ci gaba da horo har ta gama, da kwanan asibitin da ke cikinsa. Ya ba ta izinin tafiye-tafiyen jarrabawa da kwasa-kwasan da ke gabanta, Abuja ne ko Ibadan ko Legas, ba sai an sake roƙo kowane karo ba. Za su zauna a Sakkwato har ta kammala. Albashinta nata ne, abin da ta sa a gida kyauta ce, ba bashi ba ne a kansa, ba kuma farilla ba ce a kanta. Takardar nan ba don kotu aka yi ta ba. Amfaninta shi ne ranar da wani kawu ya taso yana cewa shi bai san da wannan ba, akwai dattawa huɗu da suka san da shi.

Kuɗi kuwa sun raba shi ta yadda girman kowa zai tsira. Haya da hatsi da cefane da kuɗin wuta nasa ne, daidai ƙarfinsa, shi ya sa suka kama ɗaki biyu da falo maimakon gidan da albashinta zai iya ɗauka. Ita ta ɗauki abin da aikinta ne ya jawo shi: albashin dattijuwar da ke taya su aikin gida, man mota na zirga-zirgar asibiti, kuɗin jarrabawa da littattafai, da sola da firji. Sun nemi gida inda bai wuce minti goma zuwa asibiti ba, don in ta hau matakin sama daga gida za a riƙa kiran ta, kuma mai zubar jini ba ta jiran a ratso gari. Dattijuwa suka ɗauka da gangan, bazawara daga dangin Inna, ba ƙaramar yarinya ba. Gidan da matar ke kwana waje sau takwas a wata ba a ajiye budurwa a cikinsa, ko don bakin mutane.

An ɗaura aure a 2024. Duk da wannan shiri abubuwa sun karkace, kuma ta ce a rubuta su.

Azumin farko ya zo musu da abin da ba su lissafa ba. Kol bakwai ta yi a cikinsa, ranar farko ma a asibiti ta sha ruwa da dabino uku da ruwan leda tsakanin tiyata biyu. Shi kuma ya je gidan Hajiya shan ruwa, ango guda, ƙannensa na kallonsa. Ya dawo bai ce komai ba, kwana uku yana amsa ta da "to" da "a'a". Da ta matsa ya ce ba ita ta yi masa laifi ba, amma ya ji kunya. Daga nan suka koyi shirya wata tun kafin ya kama: ranar da takarda ta fito su zauna da kalanda, ta nemi musanya da abokan aiki a kan ranakun da ba a so ta rasa, ta biya da wasu ranakun. Musanya ma bashi ce. Don ta samu ranar ɗaurin auren ƙanwarsa sai da ta yi wa wani kol biyu a jere, ta je bikin idanunta jawur, aka ce tana yi wa dangin miji ɗaurin fuska.

Ranar da ba ta aiki takan yi miya kala biyu ko uku ta zuba a robobi, kowace roba cin yini ɗaya. Nan ma sun yi asara kafin su gane. Wutar gari ba abin dogaro ba ce, a watannin da zafi ke haura digiri 40 firjin da ya yini a kashe ya zama tukunyar ɗumi. Sau biyu suna zubar da miyar mako guda kafin a ƙara batir.

Haihuwa ta zo a shekara ta biyu, namiji. Hutun haihuwa wata huɗu ne, kuma watannin ba kyauta ba ne, ana ƙara su a kan lokacin horo, abokan shigarta suka wuce ta. Ta je wankan jego gida Mabera ta yi arba'in. Ita da ke gaya wa mata a ba jariri nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba shi, sai ga ta za ta koma kwanan asibiti yaro na da wata huɗu. Ta fara tatsa tana ajiyewa mako biyu kafin komawa, kowane mazubi da kwanan wata a jiki. Nonon da aka tatsa yana kai kwana huɗu a firji mai sanyi sosai, a waje kuwa awa huɗu ne a ɗaki mai sanyi, a zafin Sakkwato ba ta yarda ya kai haka. Ba a tafasa shi, cikin ruwan ɗumi ake tsoma mazubin. Ranar kol mijin kan kawo mata yaron bayan magariba ta shayar da shi a ɗakin hutawa, ya karɓi abin da ta tatsa cikin kula mai ƙanƙara ya koma. Wata rana Hajiya ta zo ta tarar da ɗanta yana ba jariri nono da ƙaramin kofi, ta ce yaro na kukan ƙishirwa a wannan zafi an hana shi ruwa, ta ɗebo ta ba shi. Likita ta ji labari washegari. Ta ce da a ce a asibiti ne da ta yi faɗa, amma a nan sai ta durƙusa ta gaishe da Hajiya, ta bar wa ɗanta maganar. Shi ya je ya yi, ba ta san me ya ce ba, ba a dai sake ba.

Jarrabawar kashi na ɗaya ta zauna ta faɗi. Karatun da ake so a yi na awa uku ko huɗu kullum ita tana samun ɗaya, shi ma da gyangyaɗi. Kuɗin rajista da na jirgi da na masauki duk suka tafi. Ranar da sakamako ya fito wata daga dangin miji ta ce to ai sai a haƙura haka nan, a zauna a yi renon yaro. Mijin yana wurin. Ya ce akwai wata bayan wata shida, kuma an riga an rubuta.

Akwai maganar da ba su rufe ba, kuma ta ce kada a ɓoye. Ba ta sa sharaɗin kada ya ƙara aure ba, shi ma bai yi mata alƙawarin ba zai ƙara ba. Hajiya takan taɓo zancen jefi-jefi, cewa gidan da uwargida ke kwana waje ya fi kowane gida buƙatar ta biyu. Likita ta ce in ranar ta zo za ta so a zauna a kanta kamar yadda aka zauna a kan sauran, da kalanda a gaba, don rabon kwana da takardar kol sai an yi da gaske za su zauna a wata ɗaya.

Yanzu takardar wannan watan na manne a ƙofar firji, ya zagaye ranakun kol da jan biron da yake gyaran jarrabawar ɗalibai da shi. Daga bayan isha'i zuwa sha ɗaya yaro na wurinsa, ita tana ɗaya ɗakin da littattafai. Za ta sake zama a zagaye mai zuwa. Ya ce in ya sayar da albasar bana shi zai biya kuɗin jirgi, ta ce wannan a lissafinta yake tun farko, har yanzu ba su daidaita a kai ba.